Jakar Gwaggo da Ɓera Ya Ci

"Lafiya lau. Ya kasuwa, ya warin jima?"

"Kasuwa mun gode Allah. Warin kuwa tare kuka iso, don kafin ki zo rumfar nan ƙamshi take yi."

Haka Rahab da Aƙilu suke gaisawa tun suna wasan ƙasa a Maska. Taubasai ne. Hajo, uwar Rahab, ƙanwar Ɗanasabe baduku ce, mahaifin Aƙilu. Gidansu na Maguzawa ne can asali. Wan ya musulunta, ƙanwar ta bi mishan, amma tuwon salla da na Kirsimeti bai taɓa fasa ƙetare katanga ba. Yanzu Rahab malamar firamare ce a Tsiga, Aƙilu kuma ya gaji rumfar dukanci a kasuwar Funtua.

Ran nan da hantsi Rahab ta sauka daga motar kiya-kiya, lokacin motocin auduga sun tsare hanya, ta ratso kasuwa rungume da wani ƙunshi a tsohon zane. Ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba, ta ɗora ƙunshin a cinya ta danne shi da hannu biyu. Aƙilu yana ɗinkin kube, bai ɗago ba. Ya tambaye ta ko kuɗin ƙarin albashi na Udoji ne ya yi mata yawa ta kawo wa ubangidanta ya rage mata, tunda 'yar mace baiwar ɗan namiji ce tun kaka da kakanni. Ta ce in ta tashi neman ubangida ba za ta zo wurin wanda akuya ke gudu in ta hango shi ba.

"To mene ne a zanen? Kin riƙe shi kamar jariri."

"Aiki na kawo maka. In ka iya."

"In na iya? Ke da ko maɓalli ya tsinke sai kin kai wa tela."

Ta waiga hagu da dama, sannan ta kwance zanen. Jakar hannu ce ta jar fata, irin ta da, mai aikin kore da baƙi a murfi da geza a gindi. Amma sai an ƙura ido ake ganin jan. Fumfuna ta rufe ta fari fat, maɓallin tagulla ya yi tsanwa, maratayin kuwa an gaigaye shi har saura ɗan siriri kamar jijiya.

Aƙilu ya ajiye basilla. Ya karɓi jakar, ya juya ta, ya bi ɗinkin gefe da babban yatsa. Ba sai an gaya masa ba. Ɗinkin mahaifinsa ne, jakar da ya yi wa ƙanwarsa ranar da za a kai ta ɗaki.

"Wannan ai ta Gwaggo ce."

"Ka rage murya."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Me kika yi mata?"

Dole ta ba shi labari. Shekara uku da suka wuce ta are ta za ta bikin wata ƙawarta a Zariya, da alkawarin mako guda. Ta dawo ta rataye ta a ɗakinta na gidan malamai, yau za ta mayar, gobe za ta mayar. Aka yi hutun damina, kwano ya yi yoyo daidai wurin. Ga shi yanzu tsohuwa ta aiko: ranar Asabar za su taron zumuntar mata a Malumfashi, jakar wanta take so ta sa Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a ciki, ba wata ba.

"Ruwa na gane," in ji Aƙilu. "Ɓeran fa? Wa ya gayyace shi?"

Ya sa hannu cikin jakar ya lalubo, ya fito da wani ɗan dunƙule baƙi, ya sansana.

"Ƙuli-ƙuli. Malama guda, mai koya wa 'ya'yan mutane tsabta, ta je biki birni da ƙuli-ƙuli a jaka."

"Guzuri ne."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni dai ban ga laifin ɓera ba. An yi masa shimfiɗa, an ajiye masa abinci, har da ruwan sha daga sama."

"Ka gama? In ka gama ka duba mini."

Ya ce shi bai ma fara ba. Sai ya nuna mata bangon bayan rumfa da haɓa. Rahab ta san bangon. Tun rasuwar Kawu Ɗanasabe, shekara biyu ke nan, Aƙilu yake hawa kekensa ya bi ƙauyuka, Tsiga, Bakori, har gaba da Maska, yana cigiyar jakunkunan da tsohon ya ɗinka. In ya samu, sai ya ba mai ita sabuwa ya karɓi tsohuwar, ya wanke, ya shafe, ya rataye. Guda tara ne a jere a kan ƙusoshi, suna sheƙi. Matar wani Bature na injin gurzar auduga ta yi ta zarya a kansu, ya ce mata ba na sayarwa ba ne.

"Kin ga ƙusar can ta ƙarshe? Babu komai a kanta. Wannan take jira. Ki bar mini ita, in ba ki sabuwa dal ki kai wa Gwaggo."

"Ka kai wa Mama sabuwa da kanka, in tsaya daga nesa in ga yadda za a kwashe."

"To ki je da abarki. Ga rumfar masu jakar roba can, 'yar Legas, mai ƙyalli. Ta dace da ke, ɓera ba ya ci."

Rahab ta san halinsa, amma ba ta da zaɓi. Duk Funtua babu wanda zai taɓa jakar nan ta koma yadda take in ba shi ba. Ta tuna yadda uwarta ta yi kwana bakwai ba ta cin abincin kirki da aka yi rasuwar, da yadda ba ta da wani abu na hannun wanta sai wannan. Ta sauke murya.

"Aƙilu, don girman zumunci."

"Wa? Ban ji sunan da kika kira ba."

"Malam Aƙilu."

"Kunnen nan nawa, tun da na yi mura."

"Sarkin dukawan duniya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in na tashi tsawona na nan."

"Wadan ne dai zai fid da ke ranar Asabar. Miƙo mini tsumman can."

Ya fara da busasshen tsumma, yana kakkaɓe fumfunar a hankali, yana juya fuska gefe. Rahab ta ce a shanya ta a rana mana ta bushe da wuri. Ya dube ta kamar ta ce a jefa ta a wuta, ya ce tsohuwar fata in ta sha rana tsagewa take, kamar fuskar wasu da ya sani. Ya aike ta ta samo lemun tsami wurin masu kayan miya. Ta dawo, ya ce ƙanana ta kawo, ta koma. Ta tafi tana ƙunƙuni, tana cewa ranar da matarsa za ta yaye shi daga rashin kunya za ta yi rawa a tsakiyar kasuwa.

Ya matse lemun a ruwa kaɗan, ya jiƙa tsumma ya matse shi sosai, ya dinga gogawa fili-fili. Wurin aikin murfi kuwa auduga ya naɗa a tsinke yana bin kowane layi. Ya ɓalle maɓallin ya ba ta da toka da ɓawon lemun, ya ce ta goge har sai ta ga fuskarta a ciki, amma kada ta tsorata in ta gani.

"Ni da samari ke layi a ƙofar gidanmu."

"Na ji labari. Masu karɓar maganin ƙaiƙayi ne wurin babanki."

"Kai fa? Da Kawu bai sa baki ba, da har yau kana kwana da kirgi."

"Ni sau ɗaya na yi sallama aka ce in shigo. Ke kuwa wancan malamin lissafin, da ya ci tuwonki sau ɗaya, ba shi ne ya nemi canji zuwa Daura ba?"

"Ƙarin girma aka yi masa."

"Ƙarin kwana dai."

Ta jefe shi da ɓawon lemun, ya kauce. Maƙwabcin rumfa mai sayar da linzami ya leƙo ya ga su ne, ya koma abinsa.

Da jakar ta sha iska a inuwa, Aƙilu ya tafi sallar azahar ya bar ta tana gadi. Ya dawo ya ɗauko ɗan gwangwani na man kaɗanya, ya lakato kaɗan ya murza a tafin hannu har ya narke, sannan ya shiga shafawa. Rahab tana kallo jan ya fara dawowa, ja mai duhu na karan dafi, koren ya fito, gezar ta miƙe. Wani ƙamshi ya taso wanda ta sani tun tana ƙarama, ƙamshin akwatin uwarta in an buɗe shi ranar Lahadi.

Saura maratayi. Ya zazzage fatun da yake da su, ya kara wannan, ya kara wancan. Duk jansu ya yi haske, sabon rini ne. Ya ce in ya sa ɗaya daga ciki, daga bakin ƙofa Gwaggo za ta gane, ko ba ta sa tabarau ba.

"To yaya za a yi?"

"Ki koma Tsiga ki kamo ɓeran ya amayo."

Ta yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Aƙilu ya daɗe yana murza guntun maratayin. Can ya tashi ya je bangon, ya tsaya. Ya sauko da ta uku a jere, wadda ya samo wurin wata tsohuwa a Bakori bayan ya yi mata sawu huɗu. Ya kara ta da jakar Hajo. Jansu ɗaya, kamar daga fatar akuya guda aka yanko su.

Ya ɗauki wuƙa.

"Kai, tsaya," in ji Rahab. "Kada ka ɓata wannan saboda ni. Gara in je in faɗa mata gaskiya."

"Saboda ke? Ke ko igiyar guga ba zan yanka saboda ke ba. Baba bai ɗinka su don ƙusa ba. Wannan bango take rataye, waccan kafaɗar ƙanwarsa za ta hau."

Ya farke ɗinkin a hankali, zare bayan zare, ya cire maratayin. Ya bi tsofaffin hudojin da basilla don kada ya yi sabuwar huda, ya ɗinka shi a jakar Hajo da irin ɗinkin tsohon, biyu gaba ɗaya baya. Rahab ta kau da kai tana kallon masu wucewa, tana share ido da bakin mayafi. Ya tambaye ta ko tokar ce ta shiga mata ido. Ta ce warin jima ne.

La'asar ta kawo jiki ya mayar da maɓallin, ya goge jakar da tsumma mai laushi, ya miƙa mata. Ta rataya a kafaɗa, ta cire, ta buɗe, ta rufe, ta ɗaga ta a haske. Ta ce ko Mama ba za ta taɓa sanin abin da ya faru ba, muddin wani mai dogon baki ya riƙe bakinsa.

"Ni ba zan faɗa ba," in ji Aƙilu, yana tattara kayan aiki. "Ba na faɗa wa mutum abin da ya riga ni sani."

"Ban gane ba."

"Gwaggo ta zo nan makon jiya, a kan bencin nan ta zauna. Ta ce da ta je duba ki da kina zazzaɓi bara, ta ga jakar a bayan ƙyaure, ta ga aikin ɓera, ta yi shiru. Ta ce ta ba ki shekara guda ki faɗa da bakinki, kin ƙi. Shi ne ta ce, zan aika mata ina so ranar Asabar, wurinka za ta garzayo, ka gyara, amma ka gasa mini ita tukuna."

Rahab ta nuna shi da yatsa.

"Lemun da ka aike ni sau biyu fa?"

"Na farkon ma ya isa."

"Sarkin dukawan duniya fa?"

"Wannan nawa ne, ban sa a na Gwaggo ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle malamar aji biyu."

Sai ta zube a kan benci, ta rungume jakar, ta yi ta dariya har mai linzami ya sake leƙowa. Da ta samu numfashi ta ce ta sallama, shi da tsohuwar sun ci ta da yaƙi. Ta ce akwai wani jan zakara da take kiwo a Tsiga don Kirsimeti, ya zama nasa, za ta soya masa da hannunta ta kawo har rumfa.

"Na gode, Allah ya bar zumunci," in ji Aƙilu. "Amma ki kawo shi da ransa. Ina da iyali, ba zan yi kasadar cin girkinki ba."