Gangar da ta tashi unguwa

"...ya hanya kuma, amaryata? Ko Legas na aike ki ban sani ba?"

"Lafiya lau, tsohon miji. Kai da ba ka wuce bakin get, ina ka san nisan gari?"

Baba Shekari ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tun da safe ya aiki jikarsa Vivian babbar kasuwa, can ƙetaren gada, ta sayo masa maganin ido da kaset ɗin waƙoƙin coci, ga shi har rana ta karkata. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, Kaduna kuma ba ta gama warkewa daga rikicin da ya raba ta biyu ba. A rikicin ne ɗansa Ernest ya haye wannan gadar, har yau ba a ga ko takalminsa ba. Tun tsakar rana tsohon ke zaune a ƙofar gidansa a unguwar Television, kunnensa na kan titi.

"An aiki bawa garinsu," in ji shi. "Saura kaɗan in sake ki in auri mai ƙafa."

"Wa za ta aure ka? Haƙora huɗu, biyu ma na haya ne. Ko kuɗin ruwan sha ba ka ba ni ba. Laifin babba rowa."

"Ƙarasa mana. Laifin yaro ƙiwuya. Ina saƙona?"

Ta miƙa masa maganin, sannan ta ɗora masa kaset a cinya. Ya matso da shi kusa da idonsa mai gani. A bangon akwai wani dodo mai fukafukai, wuta na fita daga bakinsa.

"Wannan wane fasto ne?"

"Hotonka ne kana saurayi. Kaka ta ce haka ka je neman aurenta."

"Ƙarya kike, na fi shi wutsiya. Ina waƙoƙina?"

"Sun ƙare. Wannan kiɗan wani fim ne na mayu da dodanni, duk gari shi ake kallo. Ko tsoro kake ji?"

"Ni? Na kama kura da hannu kafin a haifi ubanki. Saka."

Ta saka a tsohuwar rediyonsa, wadda maɓallin rage murya ya daɗe da lalacewa. Da farko shiru. Sai wata ganga ta fara daga can ƙasa, dum, dum, kamar daga bayan layin dogo. Ƙaho ya amsa. Sai muryoyin maza masu yawa suka taso tare, suna matsowa, ƙarfe na dukan ƙarfe.

Baba Shekari ya san rediyo ce, ga ta kusa da ƙafarsa. Amma irin wannan sautin ya ji a ranar rikicin kafin hayaƙi ya tashi.

Comfort, maƙwabciyarsu mai suyar ƙosai a bakin layi, ta saki matsami ta suri 'yarta. Wani get ya rufe da ƙarfi, wani ya bi shi. Mai kanti ya ja ƙofarsa. Wani ɗan acaba ya juya babu tambaya. A lokacin in mutum ɗaya ya yi gudu, sai an kai gida ake tambayar dalili.

"Kashe," in ji Baba.

Vivian ta danna, maɓallin ya ƙi. Tsohon ya kifa rediyon ya fizge batiran, suka watse a ƙasa.

Ya dafa bango ya fita tsakiyar layi.

"Jama'a, rediyo ce. Rediyona ce. Ba komai."

An ɗauki lokaci kafin tagogi su fara buɗewa. Ƙaurin ƙosan da ya ƙone ya cika layin.

Ya dawo ya zauna, ya ɓoye hannayensa a ƙarƙashin riga.

"Mai kama kura," in ji Vivian a hankali, "ya na ga riga na rawa?"

"Iska ce. Ke da kika kasa danna maɓalli ɗaya fa?"

"Ni tun a kasuwa na ƙarar da jarumtakata." Ta zauna a ƙasa kusa da shi. "Tayar wata tirela ce ta fashe, Baba. Kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na faɗi, aka taka ni. Wani mai sayar da kaset, Malam Abubakar, ya ja ni cikin shagonsa ya rufe. Mu bakwai a ciki, ban san kowa ba. Ina kallon ƙofar ina cewa yau tawa ta ƙare. Wannan kiɗan ke tashi, shi ma ya manta ya kashe. Da aka buɗe ya raka ni har bas, ya ba ni kaset ɗin, ya ce in kai gida don a yarda da labarina."

Sai yanzu tsohon ya lura da ƙujewar da ke gwiwar hannunta. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura," in ji shi. Ya gyara murya. "Ashe har kishiya namiji kika yi mini a kasuwa."

"Ya fi ka haƙora."

"To shi zai je ya ba Comfort haƙuri?"

"Mai rediyo zai je. Unguwa duk ta ji ka ce taka ce."

"Ke kika danna."

"Kai ka ce in saka, jarumi."

Dariya ta ƙwace masa, har da hawaye a idon da ba ya gani.

"Kin ci, 'yar banza. Ba ni sandata. Ƙonannen ƙosan nan ma ni zan cinye shi, ke ki je ki wanke hannun nan da ruwan zafi."