Ranar da Filibus ya buga wa mai rai ƙararrawa

A ƙauyenmu akwai wani mutum, Filibus. Shi da matarsa Tabita ne kawai a gida, sai agwagi biyu. Bai iya noma sosai ba. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: shi ke buga ƙararrawar majami'a, wani tsohon ƙarfen mota da ke rataye a bishiyar mangwaro. Ran Lahadi a bencin gaba yake zama, duk abin da Fasto Yunana ya faɗa kuwa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Fasto ya yi wa'azi a kan harshe. Ya ce, "Kada mummunar magana ta fito daga bakinku. In ba ku da mai daɗi, ku yi shiru." Washegari Filibus ya ga awaki sun faɗa gonar masarar Dattijo Habila. Ya ruga gidansa, ya tsaya yana haki.

Habila ya ce, "Lafiya, Filibus?"

Ya yi tunani, ya ce, "Baba, hularka ta yi kyau."

Aka ba shi kunu, ya sha, ya tafi. Kafin la'asar ko kara ɗaya bai rage a tsaye ba.

Wata rana kuma Fasto ya ce a ƙarfafa kowa a kan aikin hannunsa. Da tsakar rana mutane suna gona, Filibus ya tarar da wani baƙo yana cusa kajin shugabar zumuntar mata a buhu. Ya ce, "Sannu da aiki! Allah ya ƙara ƙarfi." Har bakin buhun ya riƙe masa. Mu dattawa muka zauna. Habila ya ce, "In ka ƙara ko ɗaya, ka bar taɓa ƙararrawa." Filibus ya koma gida yana kuka. Tabita ta ce, "Maigida, ka riƙa zama a bencin baya mana, ko ka rage ji."

Bai koma bencin bayan ba.

A lokacin nan Baba Zakka, tsohon magini, yana kwance. Ciwon ba wani mai tsanani ba ne, amma ya juya fuska bango ya daina cin abinci, wai babu mai bukatarsa. Mu ma ba mu leƙa shi ba. Aiki ya yi yawa.

Wata rana Fasto ya ce, "Abin kirkin da kuke ajiyewa sai ranar jana'izar mutum, ku faɗa masa tun yana numfashi." To a wurinmu, in an yi rasuwa, ɗaya-ɗaya ake buga ƙararrawa, a hankali. Litinin da hantsi muka ji ta. Filibus na bugawa yana cewa, "Gidan Baba Zakka!"

Aka watsar da fartanya. Mata suka cika tsakar gida da kuka, maza muka zauna a ƙofar ɗaki, aka fara ba da shaida kamar yadda aka saba. Shugabar zumunta ta ce shi ya gyara mata ɗaki da damina bai karɓi ko ruwa ba. Habila, wanda ya shekara shida bai gaishe shi ba, ya miƙe ya ce, "Wannan bawan Allah shi ya gina majami'armu da hannunsa. Ni na yi masa laifi. Da zai tashi, da na durƙusa."

Aka ji tari a ɗaki. Labule ya ɗaga.

Baba Zakka ya ce, "To durƙusa mana, Habila. A kawo mini tuwo kuma."

Rabin mata suka tsallake danga. Habila dai ya durƙusa. Tsoho ya cinye malmala biyu.

Da yamma muka zauna don a karɓe ƙararrawa. Fasto ya ce wanda ya fara kawo maganar ya yi bayani. Habila ya miƙe. Ya ce a bar wa yaron kayansa.

Da aka watse, na ga ya ja Filibus gefe, ya rage murya ya ce, "Ni fa, yaushe za ka buga tawa?"