Yadda Ake Canja Fulogi a Gaban Suruka

Kai da ka auri 'yar mutane kake neman a san da kai a gidan surukai, ajiye buhun gero da turmin atamfa. Nemi motar surukarka ka buɗe bonet. Matakan nan bakwai ba sa kuskure, na ba ka tabbaci, domin a kan 'yar ƙaramar motata aka gwada su ina zaune a tabarma ina kallo. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da kimiyya a Gumel, kuma tun rasuwar maigidana ni nake canja wa motar nan fulogi. Amma wa ya tambaye ni?

1. Zaɓi ranar matsi

Motata ta yi tari ta tsaya a hanyar Gagarawa. 'Ya'yana suka yi taro ta waya, suka yanke cewa in ta ƙara, za a karɓe makulli a riƙa kira mini ɗan acaba. Ni, da gwiwar nan. A irin wannan rana za ka bayyana, kamar yadda mijin autata Zakiyya ya bayyana. Abdulfatah sunansa, alƙalami ne ya faɗa, ba bakina ba. Ka durƙusa, ka dubi ƙasa, ka ce: "Hajiya, fulogi ne kawai. Ba sai an je gareji ba."

2. Nemi ilimi, amma kaɗan

Buɗe bidiyo a wayarka. Minti tara ne, kalli biyun farko. Namiji ba ya bin abu har ƙarshe, ƙarshe na masu shakka ne. Haddace kalma uku: kwayil, soket, sifana. In da baƙi a wurin ka ce "buji", yadda kanikawan Maigatari, can bakin iyakar Nijar, suke kiran fulogi. Kalmar da ta tsallako iyaka ta fi cika baki.

3. Kada ka jira injin ya huce

An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wanda ya fara faɗin haka tuwo yake nufi, amma kai ba ruwanka. Naɗe hannun farar shaddarka ka cusa yatsu. In ka ƙone kada a ji muryarka, surukarka na kusa. Sa yatsan a baki kamar mai zurfin tunani.

4. Cire kwayil

Huɗu ne a jere bisa injin, kowanne ya rufe fuloginsa kamar hula, da noti ɗaya da soket ɗin waya. Masu rauni sukan danna ɗan harshen soket su zare shi, su kwance noti, su murɗa kwayil a hankali su ɗaga, su hure yashin da ke ramin kafin su taɓa fulogi. Kai ka ja kawai. Abin da ya ƙi fitowa raini ne. Cire tsofaffin fulogai, ɗaura sababbi, mayar da kwayil, ka maƙala soket uku. Na huɗun yana cikin minti bakwai ɗin da ka tsallake.

5. Dogara da kunya

Nan ne ƙarfinka yake. Suruka ba ta gyara wa suruki aiki ido da ido, ko da tana ganin waya tana lilo. Iyakarta ta bi ta bayan gida da magana.

"Zakiyya," na ce, "akuyar can igiyarta ba ta ɗauru ba."

"Wace akuya, Hajiya? Rabonmu da akuya tun Babbar Sallah."

"Ta ƙarshen layi. Ta kusa da batir."

Abin da ya dace ka yi shi ne abin da surukina ya yi. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Zakiyya, ki ce wa Hajiya in sha Allahu za a samo mata akuya ranar kasuwa."

6. Tayar da mota

Za ta kama, ta hau karkarwa kamar mai masassara, madubi na rawa. Kada ka duba injin, dubi sama. Zargi fetur. Zargi mai shagon. In matarka ta ce, "Baban Fadimatu, da ka bari an kai ta gareji," ka ce, "Sabon fulogi sai ya saba da injin. Mata ba za ku gane ba."

Ana kiran azahar ka tafi masallaci. Wannan ne kaɗai aikin da ka yi daidai. Na aiki Zakiyya ta duba tukunya, na tashi da gwiwata na danna soket, ya ce ƙas, na koma tabarma. Ka dawo ka murɗa makulli, ka ji mota lafiya lau, ka ce wa matarka, "Na faɗa miki."

7. Karɓi ladanka

Kafin la'asar hotonka da sifana ya zaga wayoyin dangi. Babban ɗana ya ce tunda Allah ya ba mu bakanike a gida, makulli ya koma hannun surukina, ya riƙa tuƙa Hajiya. Duk suka ce ma sha Allah.

Sai dai ƙofar direba ba ta kulluwa tun zamanin maigida, motar a zaurena take kwana, kuma na san inda soket na huɗu yake. Daga ranar, duk safiyar da ya zo ya kunna ta sai masassara ta dawo. In ya bar makulli a jiki ya tafi neman bakanike, sai ta warke, in ja abata in tafi Ɗanzomo gaisuwa. A karo na huɗu ya durƙusa, ya miƙo makulli da hannu biyu: "Hajiya, motar nan ta san mai ita."

Akuyar ma ya kawo.

Hattara

Ƙunar yatsa, baƙin mai a shadda, ko matarka ta daina jin tsoron sifana, babu hannuna a ciki. Wanda kuma yake tsoron surukina ya karanta wannan ya gane, ya kwantar da hankalinsa. A mataki na biyu zai tsaya.