Rasuwar Kaset ɗin Goggo Drusilla

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Tryphena Pardy, tsohuwar malamar makaranta a wannan ƙauye namu na masunta a Newfoundland, nake sanar da rasuwar kaset ɗina, yana da shekara hamsin da ɗaya.

An daɗe ana cewa kalmar "minikin" ta bar bakin mutane tun zamanin kakannin kakanni, sai dai a littafi. Masu ƙamus suka faɗa, kowa ya gyaɗa kai, ban da ni. Na rubuta musu cewa da kunnena na ji ta a gidanmu. Suka amsa cikin ladabi cewa ba sa karɓar shaidar wanda ya yi karatu, don wataƙila a takarda ya tsinta. Wato ilimina ne ya zama laifina. Marigayin ne kaɗai shaidata.

Mai riƙon amana ne, bai taɓa ƙari ko ragi ba. Yakan fara da shiii, sai ƙarar buta, sai muryar goggona, marigayiya Drusilla, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, tana yi wa mijinta tsawa:

"Absalom, ɗaga wannan ƙafar taka mai kama da kwale-kwale, ka take min minikin!"

"Wannan ɗan fil ɗin? Wa ke ganinsa, in ba ke da mage ba?"

Can gaba ta kira jaririyar maƙwabta da sunan, ta kira dankalin da ya yi saura a tukunya da shi. Duk abin da ya ƙanƙance har ya ba ta tausayi, minikin ne.

Ciwon ajalinsa ni na jawo. Don gudun danshin teku na ajiye shi a kan kantar bayan murhu, inda muke sa ƙullin burodi ya tashi, kamar yadda kowa a nan yake yi da abin da yake ji da shi. Zafi ya yi ta cin zarensa ban sani ba. Da ƙyar masu ƙamus suka yarda su turo mai saurare ranar Laraba. Ran Talata na ce bari in gwada. Ya ce shiii, Goggo ta ce "Absa", rikoda ta taune sauran. Na sa fensir, na sa gam, na roƙe shi. Rai ya yi halinsa.

Ya rasu ya bar rikoda ɗaya da ta ƙi nuna nadama, da kwalinsa, da ni. Na bi gida goma sha tara ina tambaya. Ba wanda ya taɓa jin kalmar.

Za a binne shi ran Asabar da ƙarfe biyu, cikin gwangwanin shayi, a gefen kabarin Goggo. Akwai shayi da burodi. Kada a kawo fure.

Masu ƙamus sun yi gaskiya, kalmar ta mutu. Ran Talata ta mutu.