Ranar Da Na Sakar Wa Gonata Shanu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da kakar farko da na yi ina malamin gona ba. Farkon shekarun saba'in ne, kafin babban fari, aka tura ni wani gari tsakanin Dogarawa da Tsarnawa. Shekaruna ashirin da biyu, ga ɗan babur mobilet, ga biro uku a aljihun gaba (ɗaya kawai ke rubutu), kowa sai Mushe, Mushe, wato malam da faransanci. Wallahi a lokacin gani nake ni ne gwamnati.

A can, in an gama girbi, makiyaya ba sa shigar da shanu gonaki su ci kara sai Sarki ya sa an yi shela. Shi ake kira sakin gonaki. Buro na Konni, wato ofishin gwamnati, kan aiko da takarda mai ɗauke da rana, amma bakin Sarki kowa ke jira. Abin nan ya tsaya mini a rai. Ƙasa ta sami ƴanci, mun sha lakwal, wato makarantar boko, a ce har yanzu sai tsoho mai rawani ya ɗaga hannu?

Ina da gonar gwaji a bakin burtali, inda na shuka sabon irin wake. Irin ya iso a makare, sai da kowa ya yi noman farko sannan na shuka. Kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin, zai zo ya gan ta, kuma da ita za a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni. Na kewaye ta da igiya guda, na kafa allo da faransanci cewa an hana shiga. A kaina, gonar gwamnati ta fi ƙarfin saniya.

Da takardar saki ta zo, na kai ta fada. Sarki dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Na karanta, na fassara, na nuna hatimi.

"Mun ji, Mushe," in ji shi. "A ƙara kwana goma."

"Ranka shi daɗe, da hatimi fa."

"Na gani, hatimi mai kyau. A ƙara kwana goma."

Ko dalili ban tambaya ba. Na buga mobilet sai ruga, wajen Arɗo, shugaban makiyaya. Na ce gobe su shiga.

"Sarki ya ce?"

"Gwamnati ta ce, Arɗo."

Ya daɗe yana kallon takardar, ya dubi shanunsa da suka rame, ya ce, "To Mushe, kai ka sani."

Washegari da hantsi na leƙa gonata. Inna lillahi! Shanu fari da ja ko'ina, sai ƙarar tauna. Igiyata tana rataye a ƙahon wani bijimi. Allon dai yana nan tsaye, wata saniya tana sosa wuya da shi (ashe ba ta je lakwal ba).

Kun san inda na ruga? Fada. Ni da na ce zamanin fada ya wuce. Na tuɓe takalmi, na zube a tsakiyar zaure cike da jama'a, na ce na kawo ƙara. Sarki ya aika aka kira Arɗo.

"Arɗo, wa ya saki gonaki?"

"Ranka shi daɗe, Mushe na."

"Mushe, gonar wa anka cinye?"

"Tawa, ranka shi daɗe."

"To wa kake ƙara?"

Wani dogari ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai Sarki ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, duk ƙasar ga an gama roron wake. Gona guda ta rage, taka. Don ita munka tsaida shanun mutane kwana goma."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage. Tsohon da nake zagi a zuci, ashe ya san ranar da na shuka, ya san ranar da waken zai bushe, ni mai takardar shaida ban lissafa ba. Hawaye suka zo mini, na kunya zalla.

Sarki ya sa mata suka bi gonar suka tsince abin da ya tsira, aka sami tiya biyu. Ranar da Kumandan ya zo, Sarki da kansa ya tarbe shi da ƙwaryar waken, ya ce, "Iri mai kyau na, shanu ma sun shaida. A bar muna yaron ga shekara guda, ya fara koyo." Kumandan ya yi dariya har da tari, aka bar ni.

Shekara shida na yi a garin. Waken ya bazu, mutane suka sa masa suna Ragin Shanu, ni kuma in na wuce kasuwa sai in ji an ce, "Mushe, yaushe za a saki gonaki?" Sarki ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, kuma ina kewar zauren nan ƙwarai.

Na yi aiki da hatimi iri-iri har na yi ritaya. Amma tun daga ranar, duk dattijon da ya ce mini in dakata, kafin in zaro takarda sai na tambaye shi, "Baba, don wa?" Sau da yawa don ni ne.