Lanƙwasar da Ta Tsayar da Gasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar gasar kacici-kacici ta makarantarmu ba, ko da na so, mutanen Wudil ba za su bar ni ba. Lokacin kuɗin mai ya yi ambaliya, gwamnati ta zubo mana kwamfutoci, ni kuwa sabon malami, ina jin ko ɗalibi ya yi tari sai na danganta shi da kwamfuta.

Na rubuta wata 'yar manhaja mai karanto tambayoyi daga fayil ta haska su a bango. Dokarta ɗaya: ta yi ta karatu har sai ta ci karo da kalmar KARSHE. Na rubuta wa shugaban makaranta wannan bayani, shi kuma ya ba wani ya buga tambayoyin a wata kwamfutar, aka kawo mini a filashi. Ban gwada ba (gwaji ai na masu shakka ne).

Zaure ya cika da iyaye. A sahun gaba ga Malam Sabo na Indabo, tsohon malamin Hausa, mahaifin Hadiza da nake nema. Na gyara hula, na danna.

Shiru. Manhaja ta ƙame. Na kashe na kunna, ta sake ƙamewa. Na hure filashin kamar mai hura wuta. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddata, yara suka fara ƙus-ƙus. Maimakon in yi shiru, sai na ja makirofo.

"Jama'a, a yi haƙuri. Matsalar daga wanda ya buga tambayoyin ne. Wasu ba su san kwamfuta ba, sai karambani."

Malam Sabo ya miƙe a hankali.

"Ni na buga, ɗana. A kwamfutar yayan Hadiza. Me na ɓata?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe fayil ɗin, na gangara ƙasa, duk zaure na kallo a bango. Ga ta nan ɓaro-ɓaro: ƘARSHE.

"Na ga ka manta lanƙwasa, shi ne na gyara maka," in ji shi.

Ashe manhajata tana can tana jiran kalmar da ba ta cikin Hausa. Na durƙusa a gaban kowa.

"Baba, a gafarce ni."

Ya dafa kaina yana murmushi. "Tashi ka cire mata lanƙwasar mu yi gasa. Amma ranar Asabar ka zo gida, za mu fara daga baƙaƙe."

Na je kuwa, Asabar bayan Asabar, Hadiza na kawo fura tana danne dariya, har aka ɗaura mana aure.

Yanzu in abu ya tsaya, nakan fara duba nawa aikin. In kuma dole sai na zargi wani, nakan tambaya ko yana da 'ya, sannan in kashe makirofo.