Kyanwar Aro da Kilishin Alhaji

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata Asabar a unguwar Catford ta Landan, lokacin ina ɗalibi, kuɗin fetur na zuba a gida Nijeriya, sojoji kuma sun ɗage takunkumin siyasa.

Wani tsohon ɗan siyasa, Alhaji Bawa, wanda tun da sojoji suka karɓi mulki yake zaman jira, ya zo Landan kafa reshen jam'iyyarsa. Yana neman sakatare, kuma an ce kujera na jiran sakataren a gida. Ni da na faɗi jarrabawa sau biyu, wannan kujerar ce kaɗai fatana. Na yi wuf na ce a yi taron a gidana.

Matsalar ita ce ɓeraye. Sun fi mu daɗewa a gidan (ina zargin su ma mai gidan na karɓar haya a wurinsu). Sai na aro kyanwar wata tsohuwar Baturiya, maƙwabciyarmu. Ta haɗo ni da gwangwanayen abincinta, har da lokutan ci. Na yi dariya. A garinmu wa ke ciyar da kyanwa? Yunwa ce ke sa ta aiki. Na ɓoye gwangwanayen, kwana biyu ban ba ta komai ba.

Matata Hajara ta ce, "Malam, wannan fa Baturiya ce, ba ta san farauta ba." Na ce ta bar wa maza harkar siyasa.

Ranar taro muka baje a kan darduma, mu kusan ashirin. Alhaji ya sa aka ajiye kilishin da ya taho da shi tun daga Kano a tsakiya, ya ce sai an gama jawabi. Na miƙe na gyara hula.

"'Yan'uwa, Nijeriya gida ce! Waccan jam'iyyar ɓeraye ne. Mu kuwa," na nuna kyanwar da alfahari, "mu ne kyanwa!"

Ana cikin tafi sai ga wani ƙaton ɓera ya fito daga bayan hitar ɗumama ɗaki, yana tafe a hankali kamar mai duba gonarsa. Na ce a raina, Allah ka gama mini komai. Kyanwa ta miƙe, ta yi miƙa, ta tsallake ɓeran, wallahi tsallake shi ta yi, ta dira a tsakiyar tiren kilishi. Ta ja falle mafi girma. Ɓera ya matso kusa da ita yana tsintar abin da ke zubowa.

Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata uzuri. Duk wanda aka daɗe da hana shi ci, in ya samu dama haka yake yi."

Alhaji ya dube ni ya daɗe. "Shekara goma sha biyu ke nan rabona da gwamnati," in ji shi. "Da ni kake, yaro?"

Na so ƙasa ta tsage. Daga kicin ina jiyo Hajara tana dariya har da tari.

Wani aka ba sakataren, ni kuwa dole na koma na yi karatu. Tun daga ranar, in zaɓe ya zo aka ce in zaɓa tsakanin ɓera da kyanwa, nakan je in jefa ƙuri'ata. Amma kafin in fita, sai na kulle kilishina.